Me ya sa har yau ake yabon fim ɗin Downhill Racer?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon harkar fim. Wani ya ba ni shawarar in kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Downhill Racer, a kan masu tseren zamiya a kan dusar ƙanƙara, wai yana cikin finafinan wasanni mafiya kyau. Na kalla har ƙarshe, amma jarumin bai burge ni ba, ga girman kai ga miskilanci, kuma ko da ya ci gasar ban ji wani daɗi a raina ba. Mene ne abin yabo a cikinsa?

Amsa: Ƙanena, ka kalli fim ɗin da kyau, domin wannan rashin daɗin da ka ji a ƙarshe shi ne ainihin abin da masu fim ɗin suka so ka ji. Na daɗe ina nuna shi ga masu koyon ɗaukar hoto da masu koyon rubutun labari, kuma kusan duk wanda ya fara ganinsa irin ƙorafinka yake yi. Sai a kallo na biyu mutum yake gane cewa an gaya masa wata gaskiya game da cin gasa wadda yawancin finafinan wasanni suke ɓoyewa.

Fim ɗin ya fito ne a ƙarshen 1969, daga kamfanin Paramount. Michael Ritchie ne ya ba da umarni, kuma shi ne fim ɗinsa na farko na sinima, kafin nan aikin talabijin yake yi. Robert Redford ya fito a matsayin David Chappellet, ɗan tseren, Gene Hackman kuma ya fito a matsayin kocin tawagar Amurka, Eugene Claire. James Salter ne ya rubuta labarin, inda ya ɗauko tushensa daga wani littafi na Oakley Hall na 1963. Yana da kyau ka san wane ne Salter. Kafin ya zama marubuci matuƙin jirgin yaƙi ne, ya yi yaƙin Koriya. Ya zauna da irin mutanen da ake auna darajarsu da gudu da ƙarfin zuciya, mutanen da ba su iya dogon bayani ba, kuma ya san yadda suke kallon juna. Wannan sanin ne ya zuba a cikin Chappellet. Shi da Redford sun bi tawagar Amurka zuwa gasar Olamfik ta hunturu a Grenoble ta Faransa a 1968, suka zauna da 'yan wasan suna lura da su.

Tun da yawancinmu ba mu taɓa taka dusar ƙanƙara ba, sai na ɗan yi maka bayanin wasan, don in ba ka san shi ba rabin fim ɗin zai wuce ka. Ɗan wasa yakan ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya sulalo daga saman tsauni zuwa ƙasa a kan hanyar da aka shata da tutoci. Nau'in da ke cikin fim ɗin, wato gangarowa kai tsaye, shi ne mafi gudu kuma mafi haɗari. Hanyar Lauberhorn da ke Wengen a Suwizalan ta haura kilomita 4, ana gama ta cikin kusan minti biyu da rabi, kuma a can ne Johan Clarey na Faransa ya kai gudun kilomita 161.9 a awa a 2013. Ka tuna mutum ne a tsaye da ƙafafunsa, ba mota ba babur. Hanyar Streif da ke Kitzbühel a Ostiriya ta fi gajarta, amma ta fi ban tsoro, domin da fitowarka daga ɗakin tashi sai ka tarar da wani gangare da ake kira Mausefalle, wato tarkon ɓera, inda ɗan wasa ke tashi sama ya yi tafiyar mitoci masu yawa kafin ya dira.

Abu mafi muhimmanci shi ne ba a tashi tare. A sukuwa kana ganin dokin da ke gabanka, a dambe kana kallon idon abokin karawarka. A nan kowa shi kaɗai yake saukowa, ɗaya bayan ɗaya, agogo ne kawai yake yanke hukunci. Kuma lambar da aka ba ka tana da tasiri ƙwarai. A wancan zamanin manyan 'yan wasa 15 ne suke fara saukowa, lokacin hanya tana sumul. Duk wanda ya wuce sai ya kankare ta, ya bar ramuka da kwari, har ta zama kamar hanyar ƙauye bayan manyan motoci sun bi ta da damina. Wanda ya zo a can baya yana fama da tsauni ne, yana kuma fama da ɓarnar duk waɗanda suka riga shi.

Da wannan za ka fahimci farkon labarin. Wani ɗan wasan Amurka ya faɗi ya ji mummunan rauni, sai koci ya aika a kawo masa Chappellet daga gida don ya cike gurbin. Ka lura da wannan tun farko: damar jaruminmu ta zo ne daga karayar wani, kuma bai ko nuna damuwa ba. A gasarsa ta farko aka ba shi lamba 88, ya ce shi ba zai sauko ba, ba zai je ya nutse cikin ramuka ba. Sabon zuwa ne, ba wanda ya san shi, amma ya ƙi. A gasa ta gaba, duk da ya tashi a can baya, ya zo na huɗu. To ka ga inda marubucin ya ɗaure mu. Yaron ba shi da ladabi, amma abin da yake faɗa game da kansa gaskiya ne, ya iya. Da a ce girman kansa na banza ne, da mun huta, mu jira ranar da zai ji kunya. Fim ɗin bai ba mu wannan hutun ba.

Fitowar da na fi so ba ta da ko ɗigon ƙanƙara. Bayan kakar wasa ta ƙare, Chappellet ya koma garinsu, Idaho Springs a jihar Colorado, wurin mahaifinsa, wani tsoho mai kiwon kaji da ke zaune shi kaɗai. Ɗa ya dawo daga Turai bayan watanni, amma gaisuwar da suka yi ba ta fi ta baƙi biyu da suka haɗu a tasha ba. Ba wanda ya girka masa abinci, biskit ya ɗauko a kicin yana ci a tsaye. Ya yi ƙoƙarin ba uban labarin nasarorinsa, uban ya tambaye shi ko ana samun kuɗi, kuma in ba a samu me ya sa yake yi. Ya ce zai yi suna, zai zama zakara. Tsohon ya ce masa duniya cike take da su. Shi ke nan. Ba kuka, ba kiɗa mai sa tausayi, ba a koma baya an nuna mana yarintarsa ba. Amma daga wannan minti kaɗan ka san daga inda miskilancin ya fito, ka san kuma dalilin da ya sa yake gudu kamar ana binsa. Ga Bahaushe, wanda ya san nauyin albarkar iyaye, wannan fitowar tana da ciwo na musamman. Yaro ya tsallaka teku ya kara da gwanayen duniya, ya dawo yana neman kalma ɗaya daga bakin ubansa, bai samu ba. Duk lokacin da na kalle ta sai na ji tausayinsa, kuma wannan tausayin ne yake riƙe ni har ƙarshen fim, ko a wuraren da halinsa ya fi muni.

Wannan darasi ne babba ga mai rubutu. Mu a finafinanmu mun saba jarumi ya zauna ya zayyana wa abokinsa duk abin da ke cikin zuciyarsa, ko a sa waƙa ta faɗa a madadinsa. Salter ya yarda cewa mai kallo yana da hankali. Ya bar shiru ya yi aiki. Shi ma Redford ya cancanci yabo a nan. A shekarar 1969 ɗin ce fim ɗin Butch Cassidy and the Sundance Kid ya fito ya mai da shi babban tauraro, ga kyau ga farin jini, amma ya zaɓi ya fito a mutumin da ba ya neman kowa ya so shi, kuma shi ne ya yi ta fafutuka har aka yi fim ɗin. Ba kowane jarumi ne zai yarda ya ajiye murmushinsa na kusan awa ɗaya da minti arba'in ba.

Sai maganar ɗaukar hoto, wadda ita ce ta fi shafarka. An ɗauki fim ɗin a farkon 1969 a wuraren gasa na gaske, Wengen da Kitzbühel da St. Anton da Megève, lokacin da ake gasar cin kofin duniya ta wannan wasa. Taron da kake gani 'yan kallo ne na gaske, sanyin da ke fitowa daga bakin mutane na gaske ne. Brian Probyn, mai kyamarar, ya saba da ɗaukar finafinan rahoto, shi ya sa kyamarar take leƙe ta bayan kafaɗun mutane, wani lokaci wani ya gifta ya tare ta, magana ta hau kan magana, kamar dai kai ma ka kutsa cikin taron ne. Wuraren saukowa kuma, wani matashin ɗan tsere mai suna Joe Jay Jalbert ne ya tsaya a madadin Redford, kuma shi ne ya rungumi kyamara ya sulalo da ita daga saman tsauni. Yau ana maƙala 'yar ƙaramar kyamara a hular kwano a samu irin wannan hoton ba wahala. A 1969 kyamara abu ce mai nauyi, kuma wanda ya riƙe ta ba shi da hannun riƙe sanduna. Hoton yana girgiza, bakin allunan yana leƙowa daga ƙasa, bishiyoyi suna wucewa kamar walƙiya, kuma cikinka yana juyawa.

Ka kuma saurari sautin. In ka sake kallo, rufe idonka a ɗaya daga cikin saukowar. Za ka ji iska, ka ji ƙarar allo yana kankarar ƙanƙara, ka ji numfashi, can kuma ihun 'yan kallo ya taso ya wuce. A ɗakin tashi ana jin ƙarar na'urar ƙidaya kafin a saki ɗan wasa. Akwai kiɗa a fim ɗin, na Kenyon Hopkins, amma daraktan ya san lokacin da zai ɗauke shi. Sau da yawa nakan ce wa ɗalibai, in ka ga ka cika fitowa da kiɗa daga farko har ƙarshe, to ka duba, wataƙila ba ka yarda da hotonka ba ne.

Gene Hackman kuma ya ba mu koci irin wanda ba a saba gani ba. Ba ya tara yara ya yi musu huɗuba mai sa tsigar jiki ta tashi. Rabin aikinsa roƙo ne: yana yawo wurin attajirai da kamfanoni yana neman kuɗin da zai riƙe tawagar, yana jayayya da jami'an gasa a kan lambobin da za a ba yaransa, yana yi wa 'yan jarida alkawarin zinaren da bai tabbata zai samu ba. Wannan ya dace da halin da ake ciki a lokacin. Maza 'yan Amurka ba su taɓa samun lambar Olamfik a wannan wasa ba sai 1964 a Innsbruck ta Ostiriya, inda Billy Kidd da Jimmie Heuga suka samu azurfa da tagulla a nau'in zigzag tsakanin sanduna, ƙarƙashin koci Bob Beattie. Ostiriya da Faransa da Suwizalan su ne masu abin. Don haka kocin yana buƙatar Chappellet ko da ba ya ƙaunar halinsa, shi ma yaron yana buƙatar kocin ko da ba ya jin maganarsa. Lokacin da ya faɗi a gasar ƙarshe ta kakar farko ya ɗora laifin a kan lambar da aka ba shi, kocin ya gaya masa a fili cewa ƙarfinsa ne ya ƙare. Ba su taɓa zama uba da ɗa ba, har fim ya ƙare. Mutane biyu ne da buƙata ta haɗa.

Maganar kuɗi tana ko'ina a cikin fim ɗin duk da ana cewa 'yan wasan ba don kuɗi suke yi ba. Dokar Olamfik a lokacin ta hana ɗan wasa cin moriyar wasansa, amma masu ƙera allunan zamiya suna zagaye da su, kowa yana so a ga zakara riƙe da kayansa a gaban kyamara. A fim ɗin akwai wani attajiri mai irin wannan masana'anta, Machet, da yake ta jan Chappellet a jiki. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Shekara uku bayan fitowar fim ɗin, a 1972, an kori Karl Schranz na Ostiriya daga gasar Olamfik ta Sapporo a Japan bisa zargin yana karɓar kuɗin talla, a zamanin da Avery Brundage yake shugabantar kwamitin Olamfik na duniya.

Ta wurin Machet ne ya haɗu da Carole, wadda Camilla Sparv ta fito a matsayinta. A nan zan yarda da mai suka. Ba a ba matar nan rai sosai ba, ba mu san abin da take so ba, an dai ajiye ta ne don ta yi wa Chappellet abin da yake yi wa mutane: ta ɗauke shi lokacin da take so, ta ajiye shi lokacin da ta gama. Akwai fitowa mai ƙarfi a cikin mota, tana ta ba shi labarin yadda ta yi hutun Kirsimeti bayan ta bar shi yana jira, shi kuwa ya rasa abin cewa sai ya danna hon ya riƙe. Mutumin da ba shi da kalmomi ke nan. Amma gaba ɗaya ɓangaren soyayyar shi ne mafi rauni, kuma akwai wuraren da ba na kallo da yara ba ne, ka kiyaye wannan in za ka nuna wa wasu. Haka nan labarin yana tsallake watanni ba tare da sanarwa ba, har mai kallo ya rikice a wace kaka ake.

Ka kuma lura babu bos a fim ɗin. Johnny Creech, babban ɗan wasan tawagar kafin zuwan Chappellet, mutumin kirki ne. Max Meier, zakaran Ostiriya, bai yi wa kowa mugunta ba. In akwai wanda ya yi abin Allah wadai, jarumin ne, da ya ja Creech suka yi tsere na ganganci bayan atisaye, har Creech ya faɗi ya tsallake rijiya da baya. Da wani ɗan tawagar ya yi ƙorafin cewa Chappellet ba ya kishin tawaga, mataimakin koci ya tuna masa cewa ai wannan ba wasan tawaga ba ne. Wannan amsar tana da nauyi. Wasan da kansa yana saka wa mai son kai. Mutumin da zai tsaya a bakin Mausefalle ya jefa kansa ba tare da tunanin kowa ba, ba lalle ne ya zama mutumin da za ka so zama da shi ba.

Yanzu ƙarshen, inda ka ce ba ka ji daɗi ba. Creech ya karye kafin Olamfik, nauyin ya dawo kan Chappellet. Ya sauko, ya doke lokacin Meier, jama'a suka rufe shi, 'yan jarida suka kewaye shi. Wani darakta da nan zai tsaya. Ritchie ya mai da kyamara saman tsauni, inda wani matashi Bajamushe da ba wanda ya damu da shi ya taso da lambar baya. Lokacinsa na rabin hanya ya fi na Chappellet. Kocin ya gani, fuskarsa ta canza, murna ta fara sanyi. Yaron yana ta zuwa, saura kaɗan, sai ya faɗi. Murna ta dawo kamar ba abin da ya faru. Yaron ya tashi ya iso ƙasa, suka haɗa ido da Chappellet na ɗan lokaci, sannan aka ɗaga zakara sama.

Su biyun nan kaɗai suka san abin da ya faru. Chappellet ya ci zinare da ƙwazonsa, ba wanda zai ƙwace masa wannan, amma ya ga da idonsa cewa akwai wanda ya fi shi gudu a ranar, kuma yaro ne, zai dawo baɗi. Yadda karayar wani ta buɗe masa ƙofa a farkon fim, haka faɗuwar wani ta ba shi kambu a ƙarshe. Kuma haka wasan yake a zahiri. A Grenoble a 1968, Jean-Claude Killy na Faransa ya ci wannan tseren da ratar kashi 8 cikin 100 na sakan ɗaya a kan ɗan ƙasarsu Guy Périllat. Ko ƙiftawar ido ta fi wannan tsawo. Killy ya tattara zinare uku a gasar ya zama sunan da duniya ta sani, Périllat kuwa sai masu bin wasan ne suke tuna shi. Shi ya sa Roger Ebert, mai sharhin finafinai na Chicago, ya ce shi ne fim mafi kyau da aka yi a kan wasanni alhali ba a kan wasanni yake ba. Redford da kansa ya so ya yi jerin finafinai uku a kan yadda Amurka ta ɗauki cin nasara, a wasa da siyasa da kasuwanci. Shi da Ritchie sun yi na siyasar, The Candidate, a 1972, kuma shi ma da nasara mai ɗaci ya ƙare.

Wani abin da ke ƙara wa fim ɗin daraja a wurina shi ne abin da ya biyo baya. Lokacin da aka yi shi babu namiji ɗan Amurka da ya taɓa cin zinaren wannan tseren a Olamfik. Sai 1984 a Sarajevo Bill Johnson ya ci, matashi mai baki, wanda ya faɗa tun kafin gasar cewa shi zai ci, Turawan Ostiriya suna jin haushinsa, ya kuma ci ɗin. Mutane da yawa sun ce Chappellet ne ya fito daga cikin fim. Bayan nan tauraronsa ya dusashe da wuri. A 2001, yana ɗan shekara 40, ya yi ƙoƙarin dawowa, ya faɗi a jihar Montana ya samu rauni a ƙwaƙwalwa, ya yi shekaru yana jinya har ya rasu a 2016. Duk lokacin da na tuna da shi sai maganar tsohon mai kajin nan ta dawo mini.

Fim ɗin bai yi kasuwa sosai ba da ya fito. Darajarsa a hankali ta taso, har kamfanin Criterion, mai sake fitar da fitattun finafinai, ya sake fitar da shi a 2009, kuma mutane da yawa sun koma kansa a 2025, shekarar da Hackman da Redford suka rasu, ɗaya a watan Fabrairu ɗaya a watan Satumba.

Shawarata gare ka, ƙanena, ka sake kallonsa da takarda da biro. A fitowar gidan mahaifin, ƙirga jimlolin da aka furta, sannan ka rubuta abin da ka fahimta wanda ba a furta ba, ka kwatanta tsawonsu. A saukowar ƙarshe, ƙirga sau nawa aka yanke daga tsauni zuwa agogo zuwa fuskar koci, ka ga yadda mai tace hoton yake matse maka numfashi ba tare da kowa ya ce uffan ba. In ka zo wurin haɗa idon nan, tsayar da hoton, ka dubi fuskar Redford, ka rubuto mini abin da ka gani a cikinta.